Ruwan da Baba Ilu Ya Tace

Duk shekara sai an turo mini biyu ko uku daga cikinku, sababbin gama sakandare, kuma duk shekara tambayar ɗaya ce. Ku dubi ma'aunin ruwan sama da ke bayan ofis, ku dube ni, ku ce wai shi ke nan aikin? Shi ke nan. Gwangwani ne, da mazurari, da kwalba a ciki. Na san rabinku jira kuke a kira ku banki ko wani kamfani a Kano ku gudu, tunda kuɗin mai ya sa kowa yana ganin aikin ofishin gona ɓata lokaci ne. Ban hana kowa ba. Amma kafin ku tafi za ku riƙe mini gilashin awo, kuma na gaji da yi wa kowa bayani shi kaɗai. Shi ya sa na rubuta wannan.

Ranar farko da na karanta ma'auni a Roni ne, a daminar da ta gabaci shekarar 'yancin kai, kuma na yi kuskure uku kafin in buɗe baki. Na ɗaga gilashin sama da kaina maimakon in daidaita shi da ido. Na karanta gefen da ruwa ya hau jikin gilashi, ba tsakiyar da ya lotsa ba. Na kuma zubar da ruwan kafin in rubuta. Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, shi ne malamin awo a lokacin. Sai da muka hau mota sannan ya tambaye ni nawa na gani. Na faɗa. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce ina jin haka. Ya ce to in sauka in kwaso ruwan daga ƙasa in sake dubawa. Daga ranar ban ƙara zubar da ruwa ba sai alƙalami ya taɓa takarda.

Ba don ana neman mace aka ɗauke ni ba. Idon Kawu ne ya fara rauni, takardun da ke zuwa daga Kano kuma Turancinsu ya fi ƙarfinsa. Ni na fito daga makarantar 'yan mata ina zaune a gida ina damun kowa. Ya ce a ba shi ni. Shekarata goma sha takwas. Ma'auni huɗu ne a hannunmu: Kazaure, Roni, Gwiwa, da wani ƙauye arewa da Babura, kusa da iyaka. Babura ba ƙasar Kazaure ba ce, amma motarmu ce ke bin hanyar, sai aka haɗa mana.

Wata safiya a Gwiwa na tarar da kwalba a bushe, alhali ƙasa jiƙe take har ƙafa na nutsewa. Zanzaro ne ya yi gini a cikin mazurari ya toshe shi. Tun daga nan ba na fita ba tsinke a jaka. Akuya tana goga jikinta ta karkatar da gwangwanin, shi kuwa in ya karkata ƙarya zai faɗa. Kwaɗo yana shiga. Bishiyar da kuka gani ƙarama lokacin da aka kafa ma'auni, bayan shekara biyar ita ke shan rabin ruwan kafin ya iso. Ƙarfe bakwai na safe ake karatu, ba bakwai da rabi ba, domin rana tana shan nata. In kun je ba ku sami komai ba, ku rubuta sifili. In ba ku je ba, ku ja layi. Sifili yana nufin mutum ya taka ya duba, layi yana nufin ba wanda ya sani. A shekarar farin nan da ta wuce na rubuta sifili har hannuna ya saba, kuma kowane ɗaya sai da na je na buɗe gwangwanin.

Masu zuwa neman lissafinmu kun fara ganinsu. Malaman gona, masu haƙa rijiya, masu gina madatsar ruwa. Bara wani ɗan kwangilar hanya ya zo da mota mai sanyi yana so in ƙara masa ruwan kwana uku a watan da aikinsa ya tsaya, don ya sami abin faɗa. Na juya masa littafin na ce ya nuna mini ranar. Ya ce ai ni ce malama. Na ce shi ya sa.

Tunda ba za mu iya kasancewa wuri huɗu da safe ba, kowane ma'auni yana da mai tsaronsa, mutumin garin, shi ke karantawa kullum, mu mu zagaya mu karɓa. Dokar masu tsaro ɗaya ce, kuma tun kafin in zo take: wanda ya taɓa abin da sama ta zubo, ya ƙara ko ya rage ko ya canza, an sallame shi, ba roƙo. A duk zamana sau ɗaya aka yi aiki da wannan doka, a kan mutumin da ya fi kowa iya aikin.

Baba Ilu shi ne mai tsaron ma'aunin arewa da Babura. Tsohon mai haƙar rijiya ne, ya koyi lamba a ajin manya. Shekara tara yana riƙe da ma'aunin, ba layi ko ɗaya a littafinsa. Duk safiyar da aka yi ruwa, magidanta sai sun tsaya ƙofar zaurensa su ji ko ya isa shuka. Ya faɗa musu inci, sannan ya tura hannu cikin yashi ya tabbatar. Dagaci kansa aikowa yake yi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin rami, a tsufansa shi ake zaunarwa gefen tabarmar dagaci, duk saboda gwangwanin nan.

A watan Fabrairu na 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko, irin wanda rediyo ke kira makamin ƙare-dangi, a cikin hamadar Aljeriya. An daɗe ana ƙorafi tun kafin ta yi, daga nan har Gana, ba ta fasa ba. A Kazaure labarin rediyo ne. A Babura kuwa ba haka ba, domin a can duk abin da ke hayin iyaka Faransa ake ce masa, kuma daga hayin ake zuwa kasuwa duk mako da kuɗinsu na sefa a aljihu. Fatake suka riƙa shigowa da labari: wai raƙuma sun makance, wai rijiyoyi sun yi ɗaci, wai an ga hasken da ya fi rana. Ni ban ga raƙumi makaho ko ɗaya ba. Amma ban je can ba, don haka ban ƙaryata kowa ba.

Gab da damina takarda ta zo, tare da daro huɗu na tasa da manyan kwalabe huɗu. Ni na karanta wa Kawu. Abin da ta ce a taƙaice: bam ɗin yana ɗaga ƙasar wurin zuwa sama, ƙonanniya mai guba, iska ta ɗauke ta ta kai ta nesa, ruwan sama ya sauko da ita. Ido ba ya ganinta, sai na'ura. Don haka a ajiye daro a fili, a kan tebur, ruwan farko na shekara ya sauka a ciki, a juye shi duka cikin kwalba har da abin da ya kwanta a ƙasa, a toshe da kaki, a liƙa suna, a aiko Kano. Daga Kano jirgi zai ɗauka zuwa inda na'urar take. Ban taɓa ganin na'urar ba har yau.

Rana ɗaya muka raba darukan nan huɗu, abin da ya kamata ya ci kwana biyu. Ni na matsa, don ina ganin hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ƙauyen Baba Ilu ne na ƙarshe. Mun isa bayan la'asar, direba yana ta mita a kan yashin hanya. Baba Ilu ya shimfiɗa tabarma, ya sa a kawo ruwa. Na ce ba lokaci. A tsaye na yi masa bayani, jikin mota, cikin minti biyu, na miƙa masa daro da kwalba muka juya.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana goma sha wani abu, kuma ya game ko'ina. Washegari muka fita karɓa. Wanda bai taɓa tara ruwan farko ba ba zai gane ba. Ja ne. Akwai laka, da fukafukan ƙwari, da ɓurɓushin kara. Shi ya sa ba matar da ke tara shi, ana barinsa ne ya wanke rufi da indararo, sai na biyu a fito da randa. Kwalabe uku da ke bayan motarmu duk haka suke, kamar an dama jar ƙasa.

Da muka shiga ƙauyen muka tarar an zagaye tafkin garin da ƙaya. Dagaci ne ya ba da umarni: ba mutum ba dabba har sai amsa ta dawo daga Kano. Tafki cike da ruwa, shanu tsaye suna kallo. Rijiya ɗaya ce a garin, layin mata ya kai har gindin kuka. Kowa ya san amsar daga kwalbar Baba Ilu za ta fito, don haka da muka tsaya sai ga mutane sun taru.

Ya fito da ita a kan faifai, an rufe da wani faifan. Ya sa rigarsa ta Juma'a da rawani. Ya buɗe. Ruwa garau, ina ganin zanen faifan ta cikinsa.

Na ce, "Baba, wannan ruwan sama ne?"

"Na sama ne, Malama. Ɗigon rijiya bai shiga ba."

"To ina dattin?"

Sai ya shiga bayani, da muryar mai faɗin aikin da ya yi kyau. Ya ce da ya ga kalar ruwan ya san ba zai aiku haka ba. Ya tace shi sau uku da jelar rawaninsa, don shi ne ƙyalle mafi tsabta a gidan. Ya jefa alif, ya bar shi ya kwanta, ya tsiyaye na sama a hankali yadda suke yi wa sabuwar rijiya. Na tambaye shi abin da ya kwanta, ya ce ya watsar bayan danga. Na je na duba, awaki sun riga sun tattake. Na tambayi rawanin, ya taɓa kansa ya ce ga shi, an wanke da sabulu tun da safe.

Ban san yadda fuskata ta yi ba, amma ya gani. Ya ce, "Malama, sunan garinmu ne a jikin kwalbar nan. Za ta shiga jirgi ta je gaban Turawa. Ko baƙon ƙauye ba na miƙa wa ruwa mai laka. In bari su ɗaga su ce abin da mutanen nan ke sha ke nan?"

Mutanen da ke tsaye suka gyaɗa kai. Wani ya ce ai Ilu ya fitar da su kunya.

Kawu ya ja ni bayan mota. Ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce hanya biyu ce. Ko mu liƙa suna mu aika shiru, ba wanda zai sani. Ko mu rubuta cewa kwalbar ta fashe a hanya, tunda hanyar kowa ya san halinta. Ya tuna mini shekarun Baba Ilu, da cewa a haife ya haifi ubana, da cewa ba don mugunta ya yi ba. Na ce duk na sani. Na ce in muka aika shiru, takarda za ta dawo ta ce ruwan garin ba komai a ciki, dagaci ya buɗe tafki a kan maganar da ni da shi mun san ba ta da tushe. In muka ce ta fashe, direba za a kama, shi da bai taɓa ta ba.

Na ɗauko takardar liƙawa na rubuta sunan garin da ranar, a ƙasa na ƙara: an tace, an sa alif.

Kawu ya ce, "Kin san abin da layin nan zai jawo masa."

Na ce, "Na sani, Kawu."

Ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya matso da ita, sannan ya mayar mini. Ya ce idonsa ba ya gani yau, in sa hannu ni kaɗai. Na sa.

Dagaci ya tambayi yaushe amsa za ta zo. Kawu ya yi wa tambayar, ba ni ba, amma Kawu ya juyo ya dube ni, sai na amsa. Na ce, ranka ya daɗe, garinku ba shi da amsa, abin da ake nema an zubar da shi bayan danga, sai dai ku ji ta maƙwabta. Ban rage murya ba, kuma Baba Ilu yana tsaye da faifansa. Na faɗi wannan ne don ku san yadda aka yi, ba don ku kwaikwaya ba.

Tafkin bai jira kowa ba. Bayan 'yan kwanaki shanu suka ture ƙayar suka shiga, mutane suka bi bayansu, dagaci ya yi kamar bai ji ba. Ban ji wanda ya mutu ba. Makonni suka wuce, gero ya kai gwiwa, sannan takardar garuruwa uku ta zo. Ta ce an sami abin a ruwan, amma bai kai a hana sha ba. Na sha wahalar fassara wannan fiye da komai a aikina. Mutum ya tsare ni a kasuwar Gwiwa ya ce akwai ko babu? In ce akwai, kaɗan. Ya ce guba kaɗan? In ce haka aka rubuta. Ba wanda ya tafi da gamsuwa, ni ma abin da aka ba ni ke nan.

A cikin ambulan ɗin akwai takarda ta biyu, layi uku. A karɓi kayan aiki daga mai tsaron ma'aunin arewa da Babura, a naɗa wani.

Kawu ya ce ƙafarsa na ciwo. Ni na je. Wannan karon da Baba Ilu ya shimfiɗa tabarma na zauna. Na karanta masa takardar da Turanci, na juya da Hausa. Ya shiga gida ya fito da gilashin awo naɗe cikin tsumma, da littafin, da fensir ɗin da ya rage kamar ɗan yatsa. Ya ajiye su a gabana ɗaya-ɗaya. Sannan ya ce yana da tambaya, in ba zan ji haushi ba.

"Ranar da kika kawo kwalbar, me kika ce mini?"

Na yi tunani. Na ce, "Na ce a wanke ta tas, a wanke daron, kada wani datti ya shiga."

"Kin faɗa mini dattin sama ake nema?"

"A'a, Baba."

"To," in ji shi. "Da kin faɗa, ai da na ba ki. Da yawa na zubar."

Ya miƙe. Ya tambayi lafiyar Kawu, ya raka ni har mota.

Da na koma na rubuta wa Kano cewa bayanin da aka yi wa mai tsaron bai cika ba, kuma ni na yi bayanin. Na nemi a mayar da shi. Amsa ta zo cewa an sa gargaɗi a fayil ɗina, hukuncin mai tsaro kuwa yana nan, domin doka ba ta tambayi dalili ba. Na sake rubutawa. Ba a amsa ba.

Faransa ta ci gaba da tayar da nata. Bayan na uku gwamnatinmu, da ba ta cika wata huɗu da samun 'yanci ba, ta sallami jakadanta. Mu kuma muka ci gaba da tara ruwan farko har aka aiko a daina, darukan suka ƙare a hannun matan ma'aikata ana wanki. Abin da ya rage mini daga wannan shekara hanyar ba da aiki ce, kuma ita za ku bi ko kuna so ko ba ku so. In kun kai wa mai tsaro sabon umarni, ku sauka daga mota. Ku zauna. Ku faɗa masa me za a yi, ku faɗa masa don me, sannan ku sa ya maimaita muku da bakinsa. In direba ya yi ham, ku bar shi ya yi. Mutanen nan ba sakaci ke sa su kuskure ba, ƙoƙarin kyautatawa ne, kuma wannan ya fi wuyar kamawa.

Saura naɗa wani. Dagaci ya kira mutum uku da suka iya lamba, ɗaya bayan ɗaya, ina zaune. Na farko ya ce gonarsa da nisa. Na biyu ya ce yana yawan tafiya hayi. Na uku bai nemi hujja ba, ya ce shi ba zai karɓi abin Ilu ba Ilu na da rai. Dagaci ya dubi Kawu, wanda ƙafarsa ta warke ranar, ya ce ya ji dai. Muka tone gwangwanin muka sa a mota.

Baba Ilu ya ƙara shekara bakwai a duniya, kuma sai bayan rasuwarsa wani ya yarda aka mayar da ma'aunin. In kun buɗe babban littafi za ku ga shafin garin: lambobi tsaf na shekara tara, sannan layi, layi, layi, damina bakwai. Lokacin fari masana sun zo daga nesa suna neman daidai waɗannan shekarun, don su gane yaushe ruwan iyaka ya fara ja baya. Ni na buɗe musu shafin. Suka tambaya ina lambobin, na ce babu. Suka tambayi wa ya jawo, na ce su rubuta sunana.